Urafane: Yadda rashin sanin sirrin feda ke jingine kekuna a bango

Duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Urafane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san cewa rairayi ne ke mulki a wannan yanki. Komin ɗin Urafane tana cikin gundumar Tasawa ta jihar Maradi, arewa da garin Tasawa, ga kuma gundumar Mayahi ta yamma da ita. Da zarar mutum ya bar kwaltar da ta taso daga Maradi ta ratsa Tasawa ta nufi Damagaram, to sai ya shirya fama da hanyoyin ƙasa da turbar amalanke. A irin wannan wuri keke dukiya ne, domin da shi ɗalibi ke zuwa koleji, da shi manomi ke isa gona mai nisa ko ya kai ɗan wakensa kasuwa, da shi kuma ake garzayawa a sayo magani idan ciwo ya tashi cikin dare.

To amma mai karatu, sau nawa ka shiga gida ka tarar da keke jingine a bango, tayoyinsa lafiya, sarƙarsa lafiya, sirdi da birki duk ƙalau, in ka tambaya a ce maka ai feda ce ta fita ta ƙi komawa? Sau nawa kuma ka ga yaro yana tuƙi a kan tsurar sandar ƙarfe, bayan jikin fedar ya farfashe ya zube? Wannan ƙaramin abu da ƙafa ke takawa shi ne muka ga ya dace mu tattauna a kai yau, saboda akasarin ɓarnar da ake yi masa ta rashin sani ce, kuma sanin bai fi a koya a zama guda ba.

Dalilin da ya sa maganar ta taso

Shekaru da dama babur ya so ya mantar da mutane keke, musamman lokacin da man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Nijeriya yake da araha. Amma tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafi ya canza a duk garuruwan da ke kusa da iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na wannan shekara kuma, ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyakoki, abin da ya taɓa kayan da ke zuwa daga Kano da kuma waɗanda ke biyowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A watan Maris na 2025 ma an sha fama da ƙarancin mai a ƙasar nan, duk da matatar SORAZ ta Damagaram da ke aiki tun 2011.

Darasin da talaka ya koya a waɗannan shekaru guda biyu ne. Na farko, abin hawan da ba ya shan mai yana da ranarsa. Na biyu, kayan gyara ba kullum ake samunsu a lokacin da ake so ba, balle a kan kuɗin da aka saba. Saboda haka duk ƙarfen da mutum ya iya tsarewa daga lalacewa, kuɗi ne ya bari a aljihunsa.

Feda iri-iri ce

A da, kekunan da aka fi sani a ƙasar Hausa su ne irin su Raleigh na birnin Nottingham a Ingila da Phoenix na birnin Shanghai a ƙasar Sin, masu baƙin fenti da ƙaton kariya, waɗanda fedarsu ta roba ce mai kauri. Yanzu kuwa kasuwa ta cika da kekuna masu giya da faffaɗar taya, waɗanda aka fi sani a nan da VTT, wasu sababbi daga Sin, wasu na hannu daga Turai. Asalin wannan keke daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne, inda matasa suka fara sarrafa shi a shekarun 1970 domin gangarowa daga duwatsu, kafin kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a 1981, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Faffaɗar tayarsa ce ta sa ya karɓu a wurinmu, domin ba ta saurin nutsewa cikin rairayi.

Fedar da ke zuwa da irin waɗannan kekuna kashi biyu ce. Akwai wadda ke kama takalmi ta riƙe, irin wadda kamfanin Shimano na Japan ya fitar a 1990 da sunan SPD. Wannan sai da takalminta na musamman, don haka in ka sayi keken hannu ka tarar da wata ƴar ƙaramar feda mai kama da tarko, ka san ba ta da amfani a gare ka, sai a canza ta. Akwai kuma shimfiɗaɗɗiyar feda, wadda kowace irin ƙafa ke iya takawa, kuma ita ce ta dace da mu.

Ita ma shimfiɗaɗɗiyar akwai ta roba, akwai ta alminiyan mai ƴan ƙananan ƙusoshi a sama. An yi ƙusoshin ne domin su kama ƙasan takalmi mai tauri kada ƙafa ta zame. Mu kuwa a nan mafi yawan masu tuƙi silifa ko takalmin roba suke sawa, yara ma wani lokaci ba takalmin. Ƙusoshin kan cinye silifa cikin ɗan lokaci, kuma ranar da ƙafa ta kufce feda ta juyo ta daki ƙwauri, raunin ba ƙarami ba ne. A yawancin irin wannan feda ana iya kwance ƙusoshin da ƙaramin alanki. Wanda zai saya wa ɗalibi kuwa, ta roba mai faɗi ta fi masa kwanciyar hankali.

Sirrin fedar hagu

Ga inda gizo ke saƙa. Kusan duk notin da muka sani a duniya, in za a ɗaure shi ana murɗa shi ne yadda hannun agogo ke tafiya. Fedar dama, wato wadda ke gefen sarƙa, haka take. Amma fedar hagu haƙoranta a juye suke: ana ɗaure ta ne ta hanyar murɗawa saɓanin tafiyar agogo, a kwance ta kuma ta bin tafiyar agogo. Wanda bai san wannan ba, in ya zo kwance fedar hagu sai ya yi ta ƙara ɗaure ta yana zaton tsatsa ce ta kama, har ya ɗauko guduma. In kuma ɗaurawa ya zo yi, sai ya tura fedar dama a ramin hagu da ƙarfin tsiya, sandar ƙarfe ta cinye haƙoran hannun feda, musamman in hannun na alminiyan ne, wanda ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Daga nan an gama da wannan hannu. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Me ya sa maƙera suka yi haka? Duk lokacin da ƙafa ta danna feda, nauyin yakan zagaya bakin ramin da sandar ke ciki, sai sandar ta riƙa mirginawa kaɗan-kaɗan a cikin ramin. Mai karatu na iya gwadawa da kansa: ka riƙe biro sako-sako a cikin dunƙulen hannunka, ka kama ƙarshensa da ɗaya hannun kana zagayawa da shi, za ka ji biron yana juyawa ta ɗaya gefen. Wannan juyawa a gefen dama ƙara ɗaure feda take yi, a gefen hagu kuwa da haƙoran irin na dama ne da kwance ta za ta yi har ta faɗi. Ana danganta wannan dabara ta juya haƙoran hagu ga Wilbur da Orville Wright, ƴan uwan nan biyu na garin Dayton a Amurka, waɗanda suka tallata ta a 1900. Masu gyaran keke ne kamar waɗanda muke gani a bakin kasuwa, kuma su ne suka tashi jirgin sama mai inji a 1903. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu daina raina mai sifana da faci.

Yadda ake ɗaura ta

Da farko a tantance wacce ce ta dama, wacce ce ta hagu. Akasari akwai harafi a ƙarshen sandar ko a wurin da sifana ke kamawa: R na nufin dama, L na nufin hagu. In harafin ya goge, a tsayar da sandar a miƙe a duba haƙoran. In sun hau ta dama, fedar dama ce, in sun hau ta hagu, ta hagu ce. Dama da hagu kuma ana lissafa su ne yadda mutum yake in yana zaune a kan sirdi.

Na biyu, a goge ramin hannun feda da tsumma har sai babu rairayi ko ɗaya, sannan a shafa giris a haƙoran sandar. Wannan giris shi ne zai hana ƙarfe da alminiyan su manne wa juna bayan damina ɗaya ko biyu.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci, a fara murɗawa da yatsu kawai, ba da sifana ba. Feda in ta hau daidai za ta shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da gardama ba. In ta cije tun a zagayen farko, a tsaya, a fitar da ita, a sake dubawa. Ko dai an ɗauko ta ɗaya gefen, ko ta shiga a karkace, ko kuma ba awonta ba ne. Gaggawa a wannan wuri ita ce ke kashe hannun feda.

Na huɗu, sai a ɗauko sifana lamba 15, wadda mutanenmu suka fi kira kile. Wasu feda na zamani ba su da wurin sifana, sai dai rami a ƙarshen sandar wanda alanki mai milimita 6 ko 8 ke shiga ta bayan hannun. Ga ƙa'idar da ba ta canzawa a kowane gefe: in sifana na tsaye tana kallon sama, tura ta wajen tayar gaba ɗaurewa ne, jawo ta wajen tayar baya kwancewa ne. A ɗaure sosai, gwargwadon nauyin kilo 12 zuwa 14 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, wato kusan nauyin tiya biyar ta hatsi. Ba a buƙatar hawa kan sifana da ƙafa, ba a kuma buƙatar guduma. Sako-sako ma ɓarna ne, domin fedar da ke rawa a cikin rami tana cin haƙoran ne a hankali. Wanda zai kwance fedar dama kuma, ya fara ɗora sarƙa a kan babban faranti, domin in sifana ta kufce kada haƙoran farantin su tsaga masa hannu.

Tarkon tsofaffin kekunan Faransa

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a Nijar, saboda yawan kayan Faransa da suka shigo ƙasar nan. Awon sandar feda da duniya ta fi amfani da shi yanzu shi ne inci 9/16, wato milimita 14 da ɗan ɗoriya. Kekunan yara da wasu masu hannun feda na ƙarfe guda ɗaya tanƙwararre suna amfani da rabin inci, wanda ƙanƙantarsa a fili take. Matsalar tana ga tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot da Motobécane, waɗanda har zuwa wajejen 1980 suke da nasu awon na milimita 14 cif, da tazarar haƙora ta daban. A ido ba za ka bambanta su ba. Fedar zamani takan fara shiga hannun Faransa sannan ta cije, ita kuwa fedar Faransa takan shiga hannun zamani tana lilo. Alamar da za a duba ita ce haruffan D da G, wato dama da hagu da Faransanci. Ba duk mai waɗannan haruffa ba ce ke da tsohon awo, amma ganinsu ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Hanya mafi sauƙi ita ce, in za ka sayo sabuwa a Tasawa ko Mayahi ko Maradi, ka tafi da tsohuwar a aljihu a gwada haƙoransu da juna.

Rairayi da boris

Ko an ɗaura feda daidai, saura kula da cikinta. A cikin kowace feda akwai ƙananan ƙwayoyin boris jeri biyu, ɗaya kusa da hannu, ɗaya a ƙarshe, waɗanda jikin fedar ke juyawa a kansu. Mai tuƙin da ke juya ƙafa sau 60 a minti ɗaya, a awa guda ya juya su sau 3,600. Ɗalibin da ke tafiyar rabin awa zuwa lakwal ya kuma dawo, wannan shi ne aikin da fedarsa ke yi kullum.

Abin da ke tsare boris daga ƙurar hunturu da rairayin hanya shi ne ɗan murfin da ke ƙarshen feda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da murfin nan ya faɗi, rairayi ya samu ƙofa, kuma in ya haɗu da mai sai ya koma kamar dutsen niƙa, ya yi ta cin boris da mazauninsu. Shi ya sa ɗabi'ar tsiyaya baƙin mai a kan feda daga waje ba ta da alheri: ba ya daɗewa a ciki, ga shi yana kiran ƙura. In murfi ya ɓace, ko da guntun tsohon tif ne a yanka a rufe bakin a ɗaure, ya fi a bar shi buɗe.

Gwajin lafiyar feda ba ya cin minti ɗaya. A kama ta a girgiza. In tana ƙwas-ƙwas a kan sandarta, boris sun saki. A juya ta da yatsa. In ana jin gurzar yashi ko tana cijewa, tana neman wanki. In kuwa hannun gaba ɗaya ne ke rawa, to matsalar tana ga ƙusa ko notin da ke riƙe hannun, ba a feda take ba. Wanda kuma ke jin ƙafarsa tana karkacewa a kowane zagaye, sandar ce ta lanƙwashe, galibi sakamakon faɗuwa, kuma maganinta canji ne, domin ƙarfen da aka miƙar da guduma yana iya karyewa a tsakiyar tafiya.

Wankin kansa ga yadda yake. A shimfiɗa tsumma ko faranti domin kada boris su ɓace a ƙasa. A cire murfi, a kwance ƙaramin notin da ke ciki, a fitar da washa, sannan a kwance mazugin da ke danne boris. A zare sandar a hankali, a ƙirga ƙwayoyin kowane gefe, kada a gauraya su. A wanke komai da kananzir a bari ya bushe. Ƙwayar da ta yi tabo ko ta daina sheƙi a canza ta da irin girmanta, kuma ya fi kyau a canza jerin gaba ɗaya. A cika mazauni da sabon giris, a jera ƙwayoyin su manne a ciki, a mayar da sanda, a murɗa mazugi da yatsa har ya taɓa boris, sannan a ɗan sassauta kaɗan kafin a ɗaure noti. Abin da ake nema shi ne feda ta juya sumul ba tare da girgiza ba, kuma sau da yawa sai an gwada sau biyu ko uku kafin a dace. Wasu feda masu tsada suna da boris rufaffe wanda ba a buɗewa, sai dai a goge sandar a sa giris, in ya mutu a canza shi ɗungurungum. Masu arahar can kuwa wasunsu a dasashe suke, ba a yi su don a kwance ba. Araha dai ba ta ado. A yanayi irin namu, yin wannan wanki sau biyu a shekara, bayan damina da kuma bayan hunturu, ya wadatar ga mai hawa kullum.

Walda ba magani ba ce

Idan haƙoran hannu suka riga suka cinye, abin da aka saba shi ne a garzaya wurin mai walda a manne feda da hannun. A ranar dai an samu biyan buƙata. Amma zafin wuta yana ƙone giris ɗin da ke ciki, yana narkar da roba, yana kuma rage ƙwarin sandar. Bugu da ƙari, ranar da wannan feda ta mutu, sai an sayi hannu da feda gaba ɗaya. Hannun alminiyan kuwa waldar da muka saba gani a kasuwa ba ta haɗa shi da ƙarfe ko kaɗan. In haƙoran bakin rami kaɗai suka lalace, gwanin gyara kan shigar da fedar ta bayan hannun domin ta gyara hanyar, sannan ya fitar ya ɗaura ta gaba. In sun tafi duka, akwai ƙarfen yanka sababbin haƙora da zoben da ake dasawa a ramin, in ba a samu ba a nemi hannun gwanjo mai tsawo ɗaya da na ɗaya gefen. Tsawon yana rubuce a bayan hannun, galibi 170 ko 175.

Tuƙi a kan tsurar sanda ma ya kamata iyaye su hana. Ƙafa ba ta samun wurin zama, tana ciwo, tana zamewa musamman in an tashi tsaye ana fama da rairayi, kuma ƙarshen sandar kan yi kaifi. Wanda irin wannan ƙarfe ya yanka, ya wanke da ruwa da sabulu ya nufi gidan likita a duba maganar allurar rigakafin tetanus.

Kiranmu

Ga masu gyara na Urafane da Kanan-Bakashe da Isawan da sauran kasuwannin yankin, muna roƙon ku koya wa yaran shagonku bambancin dama da hagu kafin ku miƙa musu sifana, ku kuma riƙa gaya wa mai keke gaskiya in walda yake nema. Ga malaman koleji, minti goma a tsakar lakwal da keke ɗaya da kile lamba 15 sun isa a nuna wa aji guda wannan darasi, kuma yaran za su kai shi gida. Ga magidanta kuma, kafin a sake jingine keke a bango a ce sai an sayar da amfanin gona, a duƙa a duba harafin da ke jikin sandar, a shafa giris, a fara da yatsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a cikin abin hawanmu, amin.